Keken Da Ko Keken Yanzu? Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon a kan keke suke. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mai hawa da mai gyara baki ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da ƙanena mun daɗe muna musu. Shi ya ce keken zamani ya yi wa na da fintinkau ta kowace fuska, ni kuma na ce ado kawai aka ƙara masa. Ku raba mana gardama.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kai da ƙanenka kowa ya riƙe rabin gaskiya. Ta fuskar siffa, kai ne da gaskiya. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a garin Coventry na Ingila, mai ƙafafu biyu da ba su yi nisa da juna a girma ba, da sarƙa mai juya ƙafar baya. Kafin shi, keken da ake yayi mai ƙatuwar ƙafar gaba ne, fedarsa a jikin ƙafar, mahayi na can sama, in ya ci karo da dutse sai ya faɗo ta ka. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska, kuma kafin 1900 firam ya zauna a kan kusurwa uku guda biyu da muke gani har gobe. Tazarar da ke tsakanin ƙusoshin sarƙa ma tana nan rabin inci, wato milimita 12.7, a keken kakanka da keken gasar bana.

Amma ƙanenka ma ba ƙarya ya yi ba. Abubuwa huɗu sun ci gaba ƙwarai: birki, taya, giya da fitila. Keken yanzu yana tsayawa cikin ruwan sama, yana hawa tudun da ake sauka a tura na da, kuma fitilarsa ta LED tana haska hanya da 'yar wutar da tsohon ƙwan dinamo ke ba da haske ja-ja da ita.

Abin da aka biya wannan ci gaba da shi kuwa shi ne sauƙin gyara. Tsohon keke da sifana uku ko huɗu da guduma da man giris ake warware shi kaf a mayar. Na yanzu kowane kamfani da ma'auninsa, har kayan kamfani ɗaya na shekaru goma da suka wuce kan ƙi shiga na bana. Shi ya sa zaɓin mahaya ya rabu. A Holan da Japan, inda keke ƙafar zuwa aiki da makaranta ne, har yanzu keke mai nauyi, mai zaman miƙe, mai makarin taɓo da kwando ne ya cika titi. Masu tsere da masu hawa duwatsu kuwa ba sa waiwayen na da. Akwai kuma masu son tsohon don kansa: tun 1997 ake taron L'Eroica a Gaiole da ke yankin Chianti na Italiya, inda ake hawa kekunan tsere ƙirar 1987 zuwa baya. A ganinmu, tambayar da ta dace ita ce wane aiki keken zai yi, kuma wa zai gyara shi ranar da ya lalace.

Tambaya: Firam ɗin ƙarfe, na alminiyum da na kabon, wanne ya fi ƙarko? Wani ya ce mini kabon fashewa yake kamar kwalba.

Amsa: Bari mu fara da ƙarfe, don iri biyu ne kuma ana yawan haɗa su. Akwai ƙarfe gama-gari mai kaurin bango, wanda ke sa tsohon keken ɗaukar kaya ya kai kilo 18 zuwa 22. Akwai kuma ƙarfe mai gauraye, irin 4130 ko Reynolds 531 da ya fito a 1935, wanda ake iya sirantar da bangonsa zuwa milimita 0.9 a bakin bututu inda ake haɗawa, da 0.6 a tsakiya. Firam irin wannan kilo biyu ne ko kusa da haka. Kyawun ƙarfe shi ne yana ba da sanarwa: yakan lanƙwashe ko ya tsage a hankali kafin ya rabu, ana miƙe shi, ana yi masa walda. Abokin gabarsa tsatsa ce, kuma daga ciki take ci. Ka zare sandar sirdi sau ɗaya a shekara, ka kife keken ruwan da ya taru ya fita, ka shafa mata giris ka mayar. In ka bar sandar alminiyum a firam ɗin ƙarfe shekaru ba giris, za su manne da juna, fitar da ita sai da zarto.

Alminiyum nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne. Dalilin da ya sa kake ganin bututunsa manya-manya ke nan: da faɗi ake rama taurin da ya rasa. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, sai dai yana gajiya. Kowane girgiza yana rage masa kwana ko da kaɗan ne, kuma tsagar takan fara daga gefen walda, musamman ƙarƙashin wuyan keke da wajen feda. In ya tsage, walda kawai ba ta wadatar ba. Nau'in 6061, wanda aka fi amfani da shi, sai an gasa firam ɗin gaba ɗaya bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Wanda aka liƙe a bar shi haka zai sake tsagewa kusa da wurin.

Kabon zare ne da aka jera aka haɗa da ƙaro. Ta inda zaren ya miƙe, ƙarfinsa ya wuce misali, shi ya sa firam ɗin tsere kan gaza kilo ɗaya. Tun 1986 Greg LeMond ya ci gasar Tour de France a kan keke mai bututun kabon, don haka ba sabon abu ba ne, kuma ba ya fashewa haka siddan. Rauninsa biyu ne: bugu daga gefe, da matsi. In keken ya faɗi a kan kaifin dutse, zaren kan rabu daga ciki alhali fenti lafiya lau. In kuma aka ɗaure noti da ƙarfin tsiya, bututun zai murƙushe. Ka duba kusa da notin, za ka ga an rubuta adadi kamar 5 Nm. Wannan iyakar ɗauri ce, kuma sai da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ake kiyaye ta. Wanda ba shi da wannan sifana, kuma kekensa zai riƙa jingina cikin wasu kekuna yana shan bugu, ƙarfe ko alminiyum ya fi masa. Kabon na hannu kuwa, wanda ba ka san tarihinsa ba, ba ma ba da shawarar sayensa sai ƙwararre ya duba shi.

Tambaya: Kekena giya 21 gare shi. Na ga wani sabo mai giya 12 kacal, aka ce ya fi nawa. Ta yaya 12 za ta fi 21? Sannan giyata tana tsalle, me ke kawo haka?

Amsa: Adadin giya ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne nisan da ke tsakanin mafi nauyi da mafi sauƙi. Yawancin masu 21 faranti uku ne a gaba, masu haƙora 48, 38 da 28, da bakwai a baya daga haƙora 14 zuwa 28. Ka raba haƙoran gaba da na baya, za ka sami yawan juyin da ƙafa ke yi a kowane zagayen feda. Mafi nauyi 48 a kan 14, wato 3.43. Mafi sauƙi 28 a kan 28, wato 1. To amma 48 a kan 24 daidai yake da 28 a kan 14, dukansu 2 ne. Haka 48 a kan 20 da 38 a kan 16 kusan abu ɗaya ne. In ka cire masu maimaita juna, kusan giya 13 ce ke hannunka. Shi kuma mai 12 faranti ɗaya ne a gaba, na baya kuma daga haƙora 10 har zuwa 50 ko 52, babu maimaici ko ɗaya, kuma mafi nauyinsa ya ninka mafi sauƙi sau biyar. Naka sau uku da rabi bai cika ba. Kamfanin SRAM ne ya yaɗa wannan tsari, da mai 11 a 2012 da mai 12 a 2016.

Sai dai kada ka raina naka. Sarƙar giya bakwai ta fi kauri, tana jure datti da ɗan kuskuren saiti, kuma ta kowane kamfani tana shiga. Mai 12 tazarar farantansa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, lanƙwasa kaɗan ta isa ta rikita shi. Mai aiki da batir ma, irin Di2 na Shimano da ya fito a 2009, daidai yake sauyawa kullum, amma ranar da caji ya ƙare a giyar da kake za ka zauna.

Batun tsalle, ka bi shi a jere. Da farko ka tsaya bayan keken ka dubi masauyin giya: ƙananan ƙafafunsa biyu su kasance a miƙe ƙarƙashin farantin da sarƙa take kai. In sun karkata ciki, ɗan ƙarfen da masauyin ke rataye a jiki ya lanƙwashe, galibi daga faɗuwa ta ɓangaren dama, kuma babu saitin da zai yi aiki sai an miƙe shi ko an sauya. In a miƙe yake, matsalar waya ce. Tun 1984 da Shimano ta kawo giya mai ƙas-ƙas, kowane danni yana jan waya gwargwado ƙayyadadde, don haka in wayar ta saki komai ya goce. Akwai ɗan noti mai juyawa da hannu inda waya ke shiga masauyin. In sarƙa na jinkirin hawa babban faranti, ka warware shi kwata ɗaya, ka gwada, ka ƙara in da buƙata. In jinkirin wajen sauka ne, ka ɗaure shi kwata ɗaya. In tana jinkiri ta duka ɓangarorin, wayar ta yi tsatsa a cikin rigarta, sai sabuwa. Sukurori biyu masu alamar H da L iyaka kawai suke tsarewa don kada sarƙa ta faɗa waje ko cikin wayoyin ƙafa. Mutane da yawa su suke fara murɗawa, su ƙara ɓata lamarin.

Akwai hanya ta uku da aka manta da ita, wato giyar da ke cikin hob, cibiyar ƙafar baya. Sturmey-Archer ta fara ta tun 1902, kuma ƙirarta ta AW mai giya uku ta 1936 tana nan tana aiki a kekuna masu yawa: ta ɗaya tana rage kashi 25 cikin ɗari, ta biyu kai tsaye, ta uku tana ƙara kashi 33. Ƙura ba ta shiga, kana tsaye cak za ka iya sauyawa, ɗigon mai kaɗan lokaci-lokaci ya ishe ta. Jikokinta su ne Nexus mai 8 da Rohloff mai 14. Ga mai zirga-zirgar gari, mun fi son wannan a kan duk sauran.

Tambaya: Yaushe ake sauya sarƙa? Tawa ba ta tsinke ba, amma mai gyara ya ce ta mutu.

Amsa: Mai gyaranka ya san aikinsa. Sarƙa ba ta jiran tsinkewa. Ƙusoshinta ne ke cinyewa, sai ta ƙara tsawo, ta shiga cin haƙoran faranti. Ka sa ma'auni daga tsakiyar wata ƙusa: a sabuwar sarƙa, ƙusa ta 24 daga nan tana faɗawa daidai kan inci 12. In ta wuce da ɗaya bisa goma sha shida na inci, kimanin milimita ɗaya da rabi, ka sauya. In ta wuce da milimita uku, farantan baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kansu. Mai kuma ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya, a goge na waje tas da tsumma. Man da ya zauna a waje yashi yake tarawa, yashi da mai kuwa su ne ke niƙe sarƙa.

Tambaya: Birkin sanda irin na tsofaffin kekuna bai taɓa tsinke mini ba. Me ya sa kowa ya koma birkin faifai?

Amsa: Gaskiya ne, sanda ba ta tsinkewa kamar waya, kuma wannan ne ya sa ta daɗe. Amma a nan ne tsohon keke ya fi rauni, kuma ba za mu ɓoye maka ba, domin rai ake magana. Birkin sanda yana jawo roba sama ta daki cikin rim. In rim ɗin ba zagayayye ba ne sosai, sai birkin ya riƙa kamawa yana saki. Mafi muni, rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli in ya jiƙe santsi yake kamar sabulu, ƙafa za ta yi juyi da yawa kafin robar ta share ruwan ta fara kamawa. Komawa rim ɗin alminiyum kaɗai ya rage wannan haɗari sosai, tun kafin a zo ga faifai.

Birkin waya mai kama gefen rim, musamman irin V da Shimano ta yaɗa a 1996, yana da ƙarfi ƙwarai in an saita shi. Robar ta zauna a kan rim sosai, kada ta taɓa taya, kada ta leƙa ƙasa. Tazararta da rim milimita biyu, kuma bakinta na gaba ya riga na baya taɓawa da kamar milimita ɗaya, wannan ke hana kuka. Ka lura hannun birkin V ya fi jan waya da yawa, in ka haɗa birkin V da hannun wani iri, hannun zai taɓo kan keke birkin bai kama ba. Aibin wannan birki shi ne rim yake ci. In gefen rim ya yi kwarmi, ko layin da aka zana a jikinsa ya shafe, a sauya shi kafin iskar taya ta fasa shi.

Faifai ya raba birki da rim. Yana tsakiyar ƙafa nesa da taɓo, ko rim ya ɗan karkace ba ruwansa, kuma mai aiki da mai, yatsa ɗaya ya ishe shi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta shi a tseren titi a 2018. Faɗinsa milimita 140 ko 160 a keken titi, 180 ko 203 a na duwatsu ko mai ɗaukar nauyi. Ga inda ake samun matsala. Mai ko giris ko kaɗan ya taɓa faifan, birki ya mutu kuma zai riƙa ihu. A wanke faifan da sifirit, a sa sababbin takalman birki, don wanda ya sha mai ba ya dawowa. Sabon takalmi sai an horar da shi: a yi gudu matsakaici a ja birki da ƙarfi har kusa da tsayawa, sau goma zuwa ashirin. In abin da ya rage a jikinsa bai kai milimita ɗaya ba, lokacinsa ya yi. Faifan Shimano yana zuwa da kaurin 1.8, a cire shi in ya kai 1.5. In ka cire ƙafa, kada ka matsa hannun birki, takalman za su haɗe. Man kuma iri biyu ne, mai na ma'adini irin na Shimano da Magura, da DOT irin na mota. An rubuta wanda ya dace a kan murfin. In aka zuba wanda ba shi ba, robobin ciki za su kumbura, birkin ya tashi aiki gaba ɗaya. Wanda yake nesa da mai iya cire iska daga birkin mai, ya nemi faifai mai aiki da waya.

Tambaya: An rubuta 28 a tsohuwar tayata, na sayo sabuwa mai 28, ta ƙi shiga. Kuma mene ne gaskiyar taya marar tiyub?

Amsa: Lissafin inci a taya ruɗani ne tsantsa. Ka nemi wasu lambobi biyu da aka raba da ɗan layi, kamar 40-635 ko 37-622. Na farko faɗin taya ne, na biyu faɗin da'irar rim inda bakin taya ke zama, duka a milimita. Tsohon keke mai birkin sanda, 28 x 1½, shi ne 635. Na zamani da ake kira 28 ko 700C ko 29 duk 622 ne. Mai 27 x 1¼ kuwa 630 ne, wato ya fi wani 28 ɗin girma. A 26 ma haka: na duwatsu 559, tsohon 26 x 1⅜ na Ingila 590. Lamba ta biyun ce dole ta zo daidai.

An daɗe ana ɗauka siririyar taya mai iska kamar dutse ta fi gudu. Yanzu 'yan tsere da kansu sun bar milimita 23 sun koma 28 zuwa 32 da iska sassauƙa, don an gane taya mai tauri tsalle take a kan hanya marar santsi, ƙarfin mahayi na tafiya a girgiza. A wannan fage, tsohon keke mai taya milimita 38 zuwa 40 ya riga su sani. Iska dai kada ta yi ƙasa har rim ya cije tiyub: in ka ga huda biyu a jere kamar saran maciji, rashin iska ne, ba ƙaya ba. Wajen faci, a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira minti biyar ya bushe kafin a manna. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho ce ke sa faci ya tashi.

Marar tiyub, wanda Mavic ta fito da tsarinsa na keken duwatsu a 1999, ruwa mai kauri ake zubawa a ciki, yana toshe ƙananan huda kana tafiya. Mililita 40 zuwa 60 a tayar titi, 90 zuwa 120 a ta duwatsu. A hanya mai ƙaya, babu kamarsa. Amma sai rim da taya duka an yi su don haka, ruwan kuma yana bushewa cikin wata biyu zuwa shida, ya fi saurin bushewa a zafi. In yanka ya yi girma ba zai toshe ba, don haka tiyub ɗaya ya kasance a jakarka. Rim na zamani marar ƙugiya a baki kuma kada iskarsa ta wuce bar 5 a ma'aunin ƙarfin iska, taya na iya fita.

Tambaya: Ni mace ce, tafiyata ba ta wuce kilomita biyar zuwa shida a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da 'yan kaya. An ce in nemi mafi rashin nauyi. Haka ne?

Amsa: Malama, ba haka ba ne. In ke da keke da kaya kun kai kilo 85, rage kilo ɗaya bai fi kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba, kuma a tudu kawai ake jin sa. Kekunan gasa ma doka ta hana su gaza kilo 6.8 tun 2000. Ki nemi firam marar sandar sama, mai murfin sarƙa da ragar da ke hana tufafi shiga ƙafar baya, da kariyar ɗaukar kaya mai ƙarfi, giya uku a hob, rim ɗin alminiyum. Ki guji keke mai araha da aka cika wa shokozoba gaba da baya, nauyi ne kawai da cin ƙarfi. Tsayin sirdi ya fi duk wannan muhimmanci: ki zauna, ki ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da kin karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Tambaya: Na gaji keken mahaifina ƙirar Raleigh, ya shekara da yawa a ajiye. In gyara shi ko in sayi sabo? Ana iya sa masa injin lantarki?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinka. Ka fara da duba firam. In akwai ƙwanƙwasa ko fenti ya tattare a ƙasan bututun da ke bayan wuya, keken ya taɓa karo ta gaba. In tsatsa ta huda bututu, a haƙura. In babu ko ɗaya, ka gyara shi, zai yi maka shekaru.

A warware duk inda boris yake, a wanke da kananzir, a duba kwanukan ko sun yi rami, a sa sababbin ƙwallaye da giris. A yawancin kekuna, hob ɗin gaba ƙwallo 10 ne kowane gefe masu 3/16 na inci, na baya 9 masu kwatan inci, na wajen feda 11 masu kwatan inci. A ɗaure har girgiza ta ɓace amma ƙafa na juyawa sakayau. Fedar hagu a juye zarenta yake, ta dama ake kwance ta. Kota, ƙusar da ke riƙe hannun feda, a tokare ƙasan hannun da bututu kafin a buga, don kada bugun ya sauka a kan boris. Da guduma ake zaunar da ita, noti riƙewa kawai yake, in ka ce da shi za ka jawo ta zaren zai tsinke. Kuma su biyun su fuskanci saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Abu ɗaya da ke ba masu gyara wahala: Raleigh na Nottingham zarensa na kansa ne, 26 a kowane inci, saura kuwa 24. Don haka kada ka yar da kwanukan wuya da na feda na asali, na zamani ba za su ɗauru ba. In iska na zurarewa ba huda, 'yar robar cikin tsohon bawul ce ta ruɓe.

Gyara mafi amfani shi ne ƙara haƙoran baya. Da 44 a gaba da 18 a baya, kowane zagayen feda mita biyar da rabi ne, ya yi wa mai kaya nauyi. Ka sa 22, ya dawo mita huɗu da rabi, ka ƙara wa sarƙa gaɓa biyu. Sai sabuwar robar birki, sababbin tayoyi da fitilar LED gaba da baya.

Injin lantarki kuwa, a wannan keken ba mu yarda ba. Ko mai wat 250 da ke daina taimako a kilomita 25 cikin awa, kamar yadda dokar Tarayyar Turai ta tsara, ya fi ƙarfin birkin sanda, kuma injin da ke cikin ƙafar gaba yana iya buɗe bakin tsohon fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ƙafar ta fice kana gudu. In lantarki kake so, ka sayi wanda aka ƙera don haka, mai birkin faifai. Ƙarfin batir kuma ka ninka volt da amfiya-awa: 36 sau 14 ya ba da wat-awa 504, wanda zai kai ka kimanin kilomita 50 in kana cin 10 a kowace kilomita, ƙasa da haka in da tudu ko kaya. Ka yi caji da cajarsa ta asali, kada ka bar shi a rana ko a kan caji kana barci, in za ka ajiye shi makonni ka bar shi a rabin caji, in kuma ya kumbura ko ya sha bugu mai ƙarfi ka fitar da shi daga ɗaki, kada ka sake jona shi.